Igiya ta karya min hannu a jirgi, kamfani ya tsayar da albashina

Jama'a, ina neman wanda ya san dokar aikin teku.

Ina aiki a jirgin dakon kwantena mai tutar Panama. Da kaya suka yi yawa gab da ƙarshen shekara, awa 16 muke yi a tsaye, alhali yarjejeniyar MLC ta 2006, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa, ta ƙayyade kada aiki ya wuce awa 14 cikin 24. Muna ɗaure jirgi a tasha igiya ta tsinke, ta dawo da ƙarfi ta karya min damtse. Har yanzu yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa.

Kyaftin ya rubuta rahoto, amma takardar hutu ta nuna wai na huta awa 10, abin da bai faru ba. Mako 6 da sauke ni, albashi da kuɗin asibiti suka tsaya, ga shi yarjejeniyar ta ɗora wa mai jirgi biyansu na aƙalla mako 16.

Sau uku ina rubuta wa wakilin da ya ɗauke ni, ya tura ni wajen inshora. Su kuma suka aiko takarda, in karɓi 'yan kuɗi in yafe sauran haƙƙina. Ban sa hannu ba.

Ina zan fara kai ƙorafi, hukumar jiragen Panama ko ITF, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan sufuri ta duniya?