Taƙaitawa: cin abinci a ƙananan gidajen giya na yankin Bamberg

Jama'a, maganar ta yi tsawo, bari in tattara abin da aka faɗa kan abin da wanda ba ya cin naman alade ko shan giya zai ci ya sha idan ya je hutun ƙarshen mako a wannan yanki na Jamus.

1. Kowa ya yarda: a ƙauyukan Frankoniya, yankin da garin Bamberg yake, sau da yawa gidan da ke dafa giyarsa shi ne gidan abincin garin. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke, don haka a tafi da guzuri.

2. Naman alade ya mamaye takardar abinci. Abincin da ake kira Schäuferla kafaɗar alade ce. Masu yawa sun ce a nemi soyayyen kifin ruwan daɗi da ake kira Karpfen, wanda ake samu daga Satumba zuwa Afrilu, ko Käsespätzle, taliya da cuku da soyayyiyar albasa. Amma a tambaya da wane mai aka soya, kuma ko an zuba giya a romon, don ana yi.

3. Abin sha: Apfelschorle, ruwan tuffa da soda. Giyar da aka rubuta wa "alkoholfrei", wato marar barasa, tana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce sam, ba a zama teburin da ake shan giya, gara shagon döner (gasasshen nama a cikin burodi, irin shawarma) kusa da tashar jirgi. Wasu suka ce in abokan aiki ne suka gayyata, a ci kifi a tashi. Ni dai na fi karkata ga na farko.

5. A riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ake karɓar kati ba.