Hotunan da na ɗauka a gidan abinci sun fito rabi bulu rabi ruwan ɗorawa, ina mafita?

Sabon Hannu:
Salam 'yan uwa, masu harkar hoto don Allah ku taimaka. Ni hoton mutane na saba ɗauka, to shekaranjiya wani mai gidan abinci ya ba ni aikin ɗaukar cikin wurin da abincinsu, za su sa a menu da Instagram. A ido wurin ya haɗu wallahi, amma ina zuba hotunan a kwamfuta sai gabana ya faɗi, teburan kusa da taga sun yi bulu, na can ciki sun yi ruwan ɗorawa, bango kuma ya karkace kamar zai faɗo wa mutum. Abincin ma ba a magana, na kunna filas na kan kamara sai maiƙo ke ta ƙyalli, naman ya fito kamar roba. Mutumin ya yarda in sake komawa, me zan gyara?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kamararka lafiyarta ƙalau, haske iri biyu ka haɗa mata. A ma'aunin launin haske (Kelvin, K), hasken rana wajen 5500K yake, ƙwan lantarki mai ɗumi irin na gidajen abinci kuma 2700K zuwa 3000K, ido yana daidaita su da kansa ba ka ma lura ba amma ita kamara haske ɗaya kawai za ta iya ɗauka a matsayin fari, ɗayan dole ya sauya launi. To ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka je da rana kafin kwastomomi su cika, a kashe fitilu ka yi aiki da hasken taga, ko ka bari sai rana ta faɗi fitilun su rage su kaɗai. Kamara a kan tiraifod (mariƙi mai ƙafa uku), ISO (ƙarfin jin hasken kamara) 100, buɗin ƙofar lens f/8, shata (murfin da ke buɗewa haske ya shiga) ko daƙiƙa 2 za ta kai a buɗe ba komai tunda kujera ba ta motsi. Kuma a RAW (ɗanyen fayil da kamara ba ta sarrafa ba) za ka ɗauka, JPEG ba ya jure gyaran launi kamarsa.

Maganar bango kuwa ɗaga bakin kamara ka yi sama don silin ya shigo. Ka tsayar da ita daidai wa daida, tsayin ƙirjinka ko ƙasa kaɗan, layuka za su miƙe. Kada ka faɗaɗa ganin lens ɗin har 16mm, 24mm ya wadatar, in ba haka ba teburin da ke gefe zai miƙe kamar kwale-kwale.

Hajiya Mai Kamara:
Malam Tsohon Hannu na yarda da kai amma ban da kashe fitilu gaba ɗaya. Mai wurin kuɗi ya kashe a kan fitilun nan, su ne kwalliyar wurin, ka kai masa hoto duk a mace zai ce wannan ba shagonsa ba ne. Ni abin da nake yi, ba na taɓa kamara daga inda take, in ɗauki ɗaya da fitilu a kashe, ɗaya a kunne, sai in haɗa su a Photoshop in bar ɗan jan hasken a kan fitilun kawai.

Amma ni abincin ya fi damuna a maganarka. Filas na kan kamara kam ka manta da shi, hasken da ya doki abinci ta gaba yana shafe inuwa, kuma inuwar nan ce ke nuna laushi da kauri da gashin nama. Ka ja tebur guda kusa da taga yadda haske zai zo ta gefe ko ta bayan faranti, ɗaya gefen ka jingina farin kwali ya mayar da haske, in rana ta yi zafi ka saki farin labule. In hasken ya zo ta baya ne ma tururi ke fitowa a hoto. Sannan ka saita komai da faranti mara komai tukuna, sai ka gama sannan ka ce wa kuku ya zubo, don abinci ba ya jira, minti kaɗan ganye ya yi yaushi miya ta yi fata a sama. Ka riƙe tishu kusa kuma, ɗigo ɗaya a bakin faranti sai ka ɓata rabin awa kana goge shi a editin.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Hajiya lens ɗin fa, 50mm gare ni, zai yi? Kuma na manta ban faɗa ba, wasu hotunan akwai layi-layi baƙi a kwance.

Hajiya Mai Kamara:
50mm ya yi sosai, in ka samu 100mm makro (lens na ɗaukar abu kusa-kusa) ka ƙara. Ka bar shi wajen f/4 ko f/5.6, masu buɗewa f/1.8 sai ka ga ƙwayar shinkafa ɗaya ce ta fito ras saura duk hazo. Abu mai faɗi ka ɗauke shi daga sama, abu mai tudu kamar boga ko kek daga gefe.

Tsohon Hannu:
Layukan nan fitilun LED ne ke ƙiftawa da bugun wutar lantarki, ido ba ya kamawa. Inda wuta ke bugun 50Hz (sau 50 a daƙiƙa) ka sa shata 1/50 ko 1/100, inda take 60Hz kamar Amurka 1/60 ko 1/120, kuma ka fita daga shata mara sauti don ita ta fi jawo shi. Ranar da za ka koma ka ɗauki gwaji guda ka zuƙo shi a bayan kamara ka duba tun kafin kuku ya ɗora tukunya.