Waɗanda suka nemi komawa tafarkin ikkilisiyar farko a Amurka

Bitrus, Garwa:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. A wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na unguwarmu wani matashi ya dage cewa mu ajiye sunayen ɗariƙu, mu koma yadda ikkilisiya take a zamanin manzanni. Wani dattijo ya ce an taɓa gwada haka a Amurka. Ina roƙon wanda ya san tarihin ya ƙara mana haske.

Malam Ishaya, Ngaundere:
Dattijon ya yi gaskiya, ɗan'uwa Bitrus. Abin ya taso ne a yankunan da Turawa suke sabon zama, inda masu wa'azi suka yi ƙaranci, ɗariƙu kuma suna ta jayayya. A 1801 aka yi babban taron farkawa a Cane Ridge, jihar Kentucky, a majami'ar wani fasto mai suna Barton Stone, inda dubban mutane suka kwana a fili, masu wa'azi na ɗariƙu dabam-dabam suna wa'azi kafaɗa da kafaɗa. A 1804 Stone da abokansa suka rushe majalisar da ke kula da ikkilisiyoyinsu da hannunsu, suka ce sunan Kirista ya ishe su. Can a Pennsylvania kuma Thomas Campbell ya kafa ƙa'ida a 1809 cewa inda Nassi ya yi magana za su yi magana, inda ya yi shiru za su yi shiru. Ɗansa Alexander ya ɗora a kai: baftisma ta nutsarwa ga wanda ya ba da gaskiya, da cin Jibin Ubangiji kowace Lahadi. Bangarorin biyu suka haɗe a Lexington a 1832.

Rifkatu, Marwa:
Malam, da izininka zan ƙara abin da ya fi damuna. Wannan ƙa'idar ta shiru ita ce ta raba su daga baya. Wasu suka ce tunda Sabon Alkawari bai umarci a yi kiɗa a sujada ba, haramun ne. Wasu suka ce abin da ba a hana ba halal ne. Haka suka saɓa kan ƙungiyar aika masu bishara da aka kafa a 1849, har ƙidayar addinai ta 1906 ta rubuta su a matsayin ɗariƙu biyu.

Bitrus, Garwa:
Na gode, 'yar'uwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin zumuntar matanmu da ganga da tulu suke yabo, kuma ban ga wanda zai iya raba su da su ba. Zan tambayi matashin abin da yake nufin yi da gangar tun kafin mu taɓa maganar suna.