Me ya sa launin ɗigon kwantam yake bin girmansa?

Habibu:
Assalamu alaikum. Na ga hoton kwalabe a jere a ɗakin gwaji, ɗaya tana fitar da hasken shuɗi, wata kore, ta ƙarshe ja, aka kuma ce sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne, wato kadmiyum selenaid. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda abu guda zai ba da launuka daban-daban alhali girman ƙwayoyinsa kawai aka sauya. Ina kuma ake amfani da shi?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Waɗannan ƙananan ƙwayoyin su ake kira ɗigon kwantam, kuma kadmiyum selenaid semikwandakta ne, wato abin da ke tsakanin mai ɗaukar wutar lantarki sosai da marar ɗauka. A semikwandakta akwai giɓin makamashi da ilektron yake tsallakewa idan ya sami ƙarfi, kuma lokacin da ya dawo sai ya saki haske mai launin da ya yi daidai da faɗin giɓin. Idan ƙwayar ta ƙanƙance zuwa nanomita 2 ko 3 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ilektron ya shiga ƙunci ke nan, giɓin ya ƙara faɗi, sai hasken ya karkata zuwa shuɗi ko kore, alhali ƙwaya mai kimanin nanomita 6 ja take bayarwa. Alexei Ekimov ne ya fara ganin haka cikin gilashi a farkon shekarun 1980, Louis Brus ya gani cikin ruwan sinadari a 1983, sannan Moungi Bawendi ya samo hanyar haɗa ƙwayoyi masu girma kusan ɗaya a 1993. A ganina aikin Bawendi ne ya fito da abin daga ɗakin gwaji, domin ƙwayoyi masu girma barkatai launi gurɓatacce suke bayarwa. Su ukun suka raba lambar yabo ta Nobel ta 2023.

Injiniya Bello:
Game da amfani, talabijin ɗin QLED shi ne misali mafi kusa. Fitilar shuɗi ta galiyum naitraid tana haskawa daga baya, ɗigon kuma ya juya wani ɓangaren hasken zuwa ja da kore masu tsabta. Ana lulluɓe kowace ƙwaya da ɓawon zink salfaid, saboda lahanin da ke samanta yana haɗiye makamashin ba tare da haske ya fito ba. Sai dai kadmiyum guba ne, dokokin Tarayyar Turai sun taƙaita shi a kayan lantarki, shi ya sa masana'antu da dama suka koma ga indiyum fosfaid.

Habibu:
Na gode, Malama da Injiniya. Ashe a irin wannan talabijin ɗin ɗigon ba daga wutar lantarki yake samun ƙarfinsa kai tsaye ba, daga hasken shuɗin ne.