Yaya zan ɗauki hoton tsuntsayen duwatsun bakin teku ba tare da na kore su ba?

Baƙon Zango: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Cape Coast a ƙasar Ghana, kuma tun watan Oktoba nake ganin wasu ƙananan tsuntsaye masu gajerun ƙafafu ruwan lemo suna kiwo a kan duwatsun da ke ƙasan tsohon gidan da ake tsare bayi. Da baki suke birkice tsakuwa da ciyawar teku. Da zarar na matso sai su tashi, idan ma na dace na ɗauka, launinsu yakan saje da na dutsen. Ina neman shawarar masana.

Mai Kiwon Ido: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan shi ne tsuntsun da Turawa ke kira turnstone, wato mai juya dutse, kuma ƙananan kaguwa da ƙwari yake nema. Baƙo ne kamarka, domin a can ƙuryar arewacin duniya yake ƙyanƙyasa, sannan ya sauko gaɓar Afirka ta Yamma idan sanyi ya kama. Kuskurenka shi ne bin su. Teku yana cikowa sau biyu a kwana guda, lokacin kuma yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Ka je tun ruwa bai cika ba, ka zauna ƙasa a tudu, ka bar rana a bayanka, ka yi shiru. Ruwan da kansa zai riƙa turo su wajenka. Ni dai na taɓa zama har ɗaya ya zo yana tono kusa da takalmina.

Uwar Gida: Malam ya yi gaskiya, sai dai bai ambaci haɗarin ba. Gansakukar da ke kan dutsen santsi gare ta kamar kuɓewa, kuma igiyar ruwan wannan gaɓar ba ta sallama. Ka fara duba hanyar da za ka koma kafin ka zauna. Ka sa saurin ɗauka a kan 1/1000 na daƙiƙa, ka sauke kyamarar daidai idon tsuntsun domin abin da zai fito a bayansa cikin hoton ya zama ruwa maimakon dutse. In ka koma gida ka goge ta da kyalle mai ɗan danshi, saboda raɓar gishiri tana cin ƙarfe.

Baƙon Zango: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan sallar asuba zan gwada, da takalmin roba.