Kai ka zaɓi motsa jiki, ko abokanka ne suka zaɓa maka?

Nura: Jama'a, ga magana. Duk mai kiran kansa ɗan motsa jiki, ba shi ya ɗora wa kansa sunan ba, mutanen da yake zama da su ne. A raba shi da su wata uku a ga ko zai ci gaba.

Anti Rabi: Haba Nura. To wanda yake tashi da asuba ya yi gudunsa shi kaɗai fa? Wa ya ja shi?

Nura: Anti, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wani bincike da ya fito a 2017, masana Sinan Aral da Christos Nicolaides sun bi bayanan masu gudu sama da miliyan ɗaya na tsawon shekara biyar. Sun gano idan abokanka suka ƙara kilomita ɗaya, kai ma kana ƙara wajen mita 300.

Sadiq: A nan nake da ja. Ai sai hali ya zo ɗaya ake abota. Mai son gudu ne yake neman 'yan uwansa masu gudu, ba su suka sa masa son ba.

Malam Habu: Sadiq, sun yi wannan tunanin kafin kai. Da yanayin sama suka rarrabe. Abokai biyu, gari daban-daban. Ruwan sama ya hana ɗaya fita, sai a ga ɗayan ma ya rage gudu alhali garinsu ko ɗigo ba a yi ba. Kamanceceniyar hali ba za ta bayyana wannan ba. Abin da ya fi ba ni dariya: waɗanda ba su kai ka ƙoƙari ba sun fi zaburar da kai, don ba ka so na baya ya kamo ka. Kuma mata, 'yan uwansu mata kawai ke tasiri a kansu, maza kuwa kowa na jan su.

Anti Rabi: Wannan na ƙarshen ban yi mamaki ba. Amma Malam, duk mutanen nan sun riga sun fara gudu. Binciken ya nuna abin da ke ƙara musu tafiya ne, bai nuna abin da ya sa mutum ya ɗauki kansa mai motsa jiki tun farko ba.

Malam Habu: Gaskiyarki, Hajiya, a nan kin kama ni. Sai dai dubi taron gudun jama'a da ake kira parkrun. A 2004 mutum 13 suka fara a wani lambu a Landan, kilomita 5 kowace Asabar. Mutum zai je da tafiyar ƙafa, a rubuta masa lokacinsa, a tafa masa, ranar da bai zo ba a tambaye shi lafiya. Wanda ake cigiyarsa idan bai zo ba, da wuya ya ƙara ce wa kansa ni ba na cikinsu.

Sadiq: Kuma jama'ar ce ke korar wasu. Mai jiki ya shiga wurin atisaye, kallo ɗaya ya ishe shi, ba zai koma ba.

Nura: To ka dawo kan maganata ke nan.

Anti Rabi: Bai dawo ba. Har yanzu ba wanda ya amsa min zancen mai gudun asuba.