In buɗe injin tukuna, ko in ɗaura masa turbo a haka?

Mai_Civic:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina da tsohuwar Civic da na sauke injinta na ɗora mata K24A mai lita 2.4. Ban taɓa cikinsa ba, fistin da kwanrod duk na kamfani ne, salansa kawai na canja. A filin tseren miƙe, mita 402, tana ba ni daƙiƙa 14.3. Mita 18 na farko kuwa sai ta ci 2.3, don tayoyin gaba a wuri ɗaya suke ta juyawa suna hayaƙi. Burina in shiga layin daƙiƙa 12. Turbo, na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska, na hannuna, amma zuciyata ta kasa kwanciya. In sauke injin in sa masa fistin da kwanrod na ƙira, ko zai jure a yadda yake? Ina son motar nan ƙwarai, ba na so in ga ta buga.

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka buɗe shi yanzu. Ƙarfin da kake nema bai kai inda kwanrod ɗin kamfani ke karyewa ba, muddin ka tsaya wajen rabin bar na matsin iska.

Abin da ke kashe irin wannan injin shi ne mai ya fashe da kansa a cikin silinda kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Shi ne ƙarar nan ta ƙwanƙwasa, kuma da salansa a buɗe ba za ka ma ji ta ba. K24 ɗinka an yi shi ne ya shaƙi iska da kansa, matsin da fistinsa ke yi wa iska a silinda ya kai 10.5 kan 1 a wasu samfuran. Kwatanta da 2JZ-GTE na Toyota Supra, wanda tun daga kamfani aka yi shi don turbo: 8.5 aka ba shi. Ka ga ashe kai ba ka da sarari mai yawa.

Saboda haka kuɗinka ya tafi wajen mai da sanyi. Nozul manya, famfon mai da zai iya ciyar da su, lagireton sanyaya iska, da birenbos (kwamfutar inji) ɗin da za a iya yi wa saiti. Fetur na ƙonewa daidai a kashi 14.7 na iska kan 1 na mai, amma idan turbo ya fara hurawa sai a sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man ce ke sanyaya kan fistin. A ja lokacin wuta baya. Kuma a yi saitin a kan dino, wato na'urar gwada ƙarfin mota, da na'urar auna iskar salansa, ba da kunne a bakin hanya ba.

Wuri ɗaya ne nake jin tsoro: tazarar da ke tsakanin baki biyu na ringin fistin. Ta kamfani matsattsiya ce. In zafi ya yi yawa ringin ya buɗe, bakinsa biyu su haɗu, sai ya ɓalle gefen fistin. Shi ya sa na ce rabin bar. Ranar da ranka ya biya maka bar ɗaya, to wannan ranar ce ta sauke inji.

Ƙafar_Hagu:
Oga ya gama magana kan inji, amma ni da zan ba ka shawara, ɗan'uwa, ajiye turbon nan tukuna. Mota mai 2.3 a mita 18 ba ƙarfi ta rasa ba, ƙasa ce ba ta kamawa. Ka ƙara mata ƙarfin doki ɗari, hayaƙin taya kawai za ka ƙara. Masu tsere sun daɗe da lura cewa duk 0.1 da ka rage a tashi, a ƙarshen layi yakan zama 0.15 har 0.2. Sa tayoyin tsere masu laushi a gaba, rage musu iska, ƙarfafa sifirin na baya don kada nauyi ya gudu daga tayoyin da ke jan motar, sannan ka koyi sakin kulochi. Ka sauko 1.9, ka ga 13 da rabi ba tare da ka kwance ƙusa ɗaya a inji ba. Sai dai taya in ta kama, shaf ne ke biya. Duba naka.

Mai_Civic:
Allah ya saka da alheri. Oga, in na koma E85 fa, man nan da akasarinsa ethanol ne, zan iya wuce rabin bar ɗin?

Tsohon_Bakanike:
Zai kare ka daga ƙwanƙwasa sosai, kuma yana ƙonewa da sanyi. Amma injin zai sha ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari, don haka nozul da famfo su fi wanda ka yi niyya girma. Kwanrod kuwa bai san wane mai ka zuba ba. Ƙarfin juyi a ƙaramin gudun inji ne ke lanƙwasa shi, kuma fistin ɗinka na tafiyar milimita 99, doguwa ce. Gaya wa mai saiti ya bar iskar ta shigo a hankali, ta cika can sama.

Mai_Duba_Mota:
Ƙari kaɗan, don ni aikina duba motoci ne kafin su hau layi. A dokar NHRA, ƙungiyar tseren miƙe da Wally Parks ya kafa a Amurka a 1951, da ka sauko daƙiƙa 13.99 hular kwano ta zama dole, a 11.49 kuma sai da ƙarfen kariya a bayan direba. Filaye da yawa da ita suke aiki. Bututun man da ke zuwa turbo ya kasance na waya, ka nisanta shi da salansa, batir kuma a ɗaure shi da ƙarfe. Gwajin duk a fili za ka yi shi, inda akwai katanga da motar kashe gobara. In ka sa tayoyin, turo mana takardar lokacinka mu ga mita 18 ɗin.